Yadda Za Ka Ciyar da Sojoji Ba Tare da Ka Taɓa Hatsinka Ba

Kai da kake son a kira ka mai kishin ƙasa, amma ko ƙwayar gero ba ka son ta bar gidanka, matso kusa. Ni ne Maiwada, tsohon shugaban kwamitin aika wa sojoji kayan masarufi na ƙauyenmu, nan tsakanin Makarfi da Gubuchi. Na kama wannan aiki tun daminar da yaƙin basasa ya ɓarke, kuma har aka ajiye bindiga ko ɓarin goro bai fita daga aljihuna saboda soja ba. Duk da haka har gobe idan na shiga kasuwar Makarfi sai an tashi an ba ni wurin zama. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari kafin a sare raken bana sunanka ya kai Ikara. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya kunyata a idon jama'a ba. Gaskiya ni kaɗai na taɓa bin su, amma wannan bai rage musu komai ba.

Mataki na ɗaya: Ka riga kowa miƙewa

Ranar da dagaci zai tara jama'a ya ce ana son a taimaka wa yaranmu da ke bakin daga da sabulu da goro da taba da bargo da ɗan abin taɓawa, kowa zai sunkuyar da kai yana tunanin abin da za a raba shi da shi. Kai kuwa ka miƙe tsaye. Ka gyara murya ka ce, "Ranka ya daɗe, aikin nan yana son mai tattarawa." Shi ke nan, ka tsira. Mai tattarawa hannuwansa biyu cike suke da kayan mutane, da wanne zai bayar?

Ka tanadi abu uku: tebur, biro, da fuskar wanda nauyi ya yi wa yawa. Teburin ko na aro ne ya isa. Nawa ƙafarsa ɗaya gajera ce, dutse nake saƙa mata. Biron ka soke shi a hula inda kowa zai gani. Ba dole sai yana da tawada ba.

Mataki na biyu: Ka san lokacin shiga gidan mutum

Kada ka je wa mai injin rake yana shi kaɗai, zai ce maka bana raken bai yi ruwa ba. Ka bari sai ya yi baƙi, musamman surukai. A gabansu zai ba ka mazarƙwaila curi-curi yana murmushi, ya zage ka daga baya, kuma zagin baya ba ya rage nauyin buhu. Ka gaya wa mutumin Kudan cewa mutanen Makarfi sun cika buhu uku. Ka gaya wa na Makarfi cewa na Kudan sun cika huɗu. 'Yan tiredan Hunkuyi su za su ba ka sabulu da ashana da reza da allura da zare. Man shanu kuwa sai ka taka har ruga, ka zauna ka yi gaisuwa mai tsawo, kada ka ambaci abin da ya kawo ka sai an dama maka fura.

Gargaɗi ɗaya: da damina kada ka haɗa mazarƙwaila da sabulu a buhu ɗaya. Na yi sau ɗaya. Wani bawan Allah can kudu ko dai ya yi wanka ƙudaje suka bi shi, ko ya sha kunu mai kumfa, har yau ban san wanne ba.

Idan wani mai baƙin ciki ya tambaye ka kai me ka bayar, ka dafa ƙirji ka ce, "Ni ai kaina na bayar." Ka faɗa a hankali, kana kallon nesa.

Mataki na uku: Kada ka ce wa tsohuwa a'a

Maza su ne ke ba "sojoji". Mata ba su san wani abu sojoji ba, nasu guda ɗaya suka sani, kuma shi za su aika wa. Za su zo maka da kwano mai murfi an ƙulle shi a tsumma mai tsabta, kowace da wanda take nufi.

Haka Iya Hassana ta zo mini. Ɗanta Tukur shi ke kora dokin da ke juya injin rake a bakin fadama, har wata ranar kasuwa ya ga motar masu ɗaukar soja, ya haye, ya bar uwarsa da matarsa Zulaihatu wadda ko shekara ba ta cika a ɗakinta ba. Shi ne ɗan farin Iya, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage mata. Ka san al'adarmu da ɗan fari: ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tambayar lafiyarsa a gaban mutane ba.

Ta tsuguna daga nesa, muka gaisa, muka tambayi gida da gajiya da ruwa, sannan ta turo kwanon gabana.

"Malam Maiwada, ga wannan a kai wa yaron nan."

"Wane yaro, Iya?" na ce, don tsokana.

Ta kau da kai. "Ka san shi ai. Na wajen dokin nan."

Na ɗaga murfin. Dambun nama ne, ya sha mai ya sha albasa, a gefe kuma ga ƙullin yaji da Zulaihatu ta daka ta cusa ba tare da ta ce nata ne ba.

"Zai kai hannunsa kuwa?"

"Hannunsa na dama ma, Iya."

Haka za ka amsa, kai tsaye, ba gyaran murya. Idan ka tsaya cewa za a duba, za a gwada, tsohuwa ta san abin da ake nufi da wannan, kuma gobe duk ƙauye zai ji cewa shugaban kwamiti bai san hanya ba.

Mataki na huɗu: A Zariya, ka yi abin da akawu ya ce, ka kama bakinka

Za ka loda kaya a babbar mota ka nufi siton da ake tarawa a Zariya, kana jin kanka kamar kai ne ke riƙe da yaƙin. Can za ka tarar da akawu mai tabarau wanda bai taɓa jin sunan ƙauyenku ba.

"Malam, ba ma karɓar kaya da suna," in ji shi. "Sabulu can, goro can, busasshen abinci a juye a wancan buhun."

"Amma wannan na Tukur ne."

"Wace bataliya yake?"

"Kudu."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kudu," ya maimaita. "To juye, Malam, akwai mutane a bayanka."

Kada ka yi masa gardama, gaskiyarsa ce. Ka juye. Za ka fito da kwanoni goma sha bakwai babu komai ciki, suna ƙara a buhu duk inda ka taka. Ka cusa ciyawa tsakaninsu su yi shiru. In ka dawo kada ka bi ta ƙofar dagaci, ka zaga ta fadama, ka tura buhun can ƙuryar rumbu. Wanda ya tambaya, ka ce kaya sun tafi.

Mataki na biyar: Ka tuna kwano komawa yake yi

A nan ne na kusa tuntuɓe, don haka ka buɗe kunne. A wurinmu idan ka aika wa maƙwabci abinci, kwano zai dawo a wanke, da ɗan tukuici a ciki. Babu wanda ya zauna ya yi tunanin ko bakin daga ya bambanta da gidan maƙwabci. Ni ma ban yi ba.

Sati uku da tafiyata Zariya sai ga Iya Hassana a ƙofar zaurena. Muka gaisa har gaisuwar ta ƙare.

"Malam Maiwada, kwanon nan bai dawo ba?"

"Hanyar da nisa, Iya."

"Haka ne. Dama na ce in tambaya."

Bayan kwana huɗu ta sake zuwa, da tambayar nan dai. Ka gane, ba kwano take nema ba, tana da irinsa jere a ɗaki. Bakinta ne ba zai iya cewa yaron nan yana da rai ko babu ba, sai ta ɗora tambayar a kan kwano. In ya dawo, to wani mai rai ne ya buɗe shi ya ci.

Ga dabara. Ka jira sati shida, don nisan hanya ya fito. Ka ciro kwanonin, ka sa a wanke, ka jefa sabulu guda a kowanne a matsayin tukuicin soja. Sabulun daga tarin da ka karɓo wajen 'yan tiredan Hunkuyi za ka ɗiba. Kada ranka ya ɓaci, don taimakon yaƙi aka bayar da shi, kuma ya taimaka.

Matarka za ta yi magana. Tawa, Lantana, tana wankewa tana mita.

"Maigida, ka ji tsoron Allah. Kwanon da ya kwana arba'in a rumbu shi ne ya je yaƙi?"

"Ke dai wanke. Kuma ki bar ɗan maiƙo a gefe, soja bai iya wanke-wanke ba."

Ranar da na miƙa wa Iya Hassana nata, ta buɗe, ta shafa maiƙon nan da ɗan yatsa, ta ce, "Haka yake, ko hannunsa ba ya wankewa da kyau." Ta juya da sauri don kada in ga fuskarta. Ni kuwa na koma gida ina jin na yi aikin lada.

Mataki na shida: Saƙon baki ya zama gajere

Kwano ba ya dawowa shiru, dole ya zo da magana. Ka riƙe guda uku, kada ka ƙara: ya gode, ya yi ƙiba, yana gaida kowa da kowa. Sun isa kowane soja, dogo ko gajere.

Ni daɗin baki ya ja ni na ƙara ta huɗu. Na ce wa Iya, "Ya ce wai yajin nan duk bataliya an yi ta roƙonsa, ya hana." Daga bayan zana na ji wata 'yar dariya ta kuɓuce, aka toshe ta da mayafi. Zulaihatu ce. A aike na gaba ƙullin yajin ya ninka, har da zanen lalle a jikin tsumman.

Daga nan suna zai fara zuwa da kansa. Mata za su tako tun daga Malikanchi da kwanoni a ka, domin wasiƙa tana tafiya ba amsa, amma kwanon Maiwada yana dawowa. Dagaci zai fara kiranka Sarkin Aike a gaban baƙi. Ka sunkuyar da kai ka ce ai aikin Allah ne.

Za ka kuma lura cewa ɗaukar dafaffen abu zuwa Zariya wahala ce kawai, tunda juyewa za a yi, kuma kafin ya kai kudu ya yi fumfuna. Sabulu da bargo da goro ka kai su tsakani da Allah. Abin da ke cikin kwano kuwa, almubazzaranci ba kyau, ka ci. Dambun Iya Hassana ya fi na kowa, ba na ɓoyewa. Ƙibar da nake cewa Tukur ya yi, a jikina ta fito, har sai da aka buɗa mini wuyan riga.

Mataki na bakwai: Sojan da ya zo gida, ka riga kowa tarbarsa

Wannan shi ne babban haɗarin sana'ar. Duk wanda ya dawo daga can zai iya cewa bai taɓa ganin kwano ba. Saboda haka ka sa kunne a tasha, ka tare shi tun bai sha ruwan gidansu ba.

Bayan Babbar Sallah da 'yan kwanaki na ji Ɗan'azumi, abokin Tukur da suka hau mota rana ɗaya, ya sauka a Makarfi. Na hau keke na same shi zaune a gindin bishiya, hannu ɗaya rataye a wuya, ya rame kamar kara. Ban kai ga shirya masa abin da zai faɗa ba ya riga ni.

"Baba Maiwada, dama kai nake nema. An ce kai ne shugaba."

Ya ciro wani ɗan ƙulli ya ajiye a cinyata. Hula ce, da laya, da cokali.

"Na Tukur ne. Wajen tsallake babban kogi, jirgin da suke ciki ya kama wuta. Ina bakin ganga, da idona na gani."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

"Wata biyu kafin azumi. Takarda ba ta zo ba?"

Takarda ba ta zo ba. Na lanƙwasa yatsu a cikin aljihu: wata biyar ke nan. Sau huɗu na mayar wa Iya Hassana kwano, uku daga ciki yaron yana ƙarƙashin ruwa. Na ƙarshen kwana tara kacal da na kai mata, har na ce yana yi mata barka da Sallah. Na ji tausayin yaron, amma in faɗa maka gaskiya, tsoron kaina ya fi yawa, kuma har yau ina jin kunyar wannan.

Abin yi a nan shi ne ka saya masa fura, ka dafa kafaɗarsa mai lafiya, ka ce, "Irin wannan magana ta manya ce. Ka bar ni in yi, kai dai ka zauna."

Mataki na takwas: Gaban liman, ka ɗan jinkirta

Da la'asar muka taru a zauren gidan su Tukur, ni da liman da dattawa biyu da Ɗan'azumi, mata suna bayan bango. Na faɗa. Aka yi salati, aka yi addu'a. Daga ciki na ji Zulaihatu ta fasa kuka. Muryar Iya ban ji ta ba.

Sai liman ya gyara zama. "Saura magana ɗaya, Maiwada. Akwai takaba a kan yarinyar nan, wata huɗu da kwana goma. Kuma daga ranar da ya cika ake ƙirgawa, ba daga ranar da labari ya iso ba. In kwanakin sun riga sun wuce, babu komai a kanta. In da saura, ta cika. Yaushe ne?"

Wannan tambaya ban shirya mata ba. Idan na ce wata biyar, yarinya ta fita a ranar, ni kuma kowa ya san abin da ke cikin rumbuna, mata tun daga nan har Malikanchi su san kwanoninsu ba su je ko'ina ba. Wallahi na buɗe baki da niyyar faɗar gaskiya. Numfashi ɗaya kawai na tsaya ja. Kai ma ka ja shi, shi ne dukan sirrin wannan mataki, domin a cikinsa wani zai amsa maka.

"Malam, ba a daɗe ba," in ji Iya Hassana daga bayan bango, muryarta a daidai. "Kwana tara ke nan da kwano ya dawo, da sabulu a ciki. Ko an haɗa da tafiyar hanya, bai fi sati uku ba."

"Haka ne, Maiwada?"

"Haka ne, Malam."

"Ɗan'azumi?"

Yaron ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya dubi bangon da muryar ta fito, ya mayar da kai ƙasa.

"Yadda Iya ta ce."

Da aka shafa fatiha mutane suka watse, Iya Hassana ta sa aka tsayar da ni a bakin ƙofa. Idonta a bushe, don ɗan fari ba a yi masa kuka a gaban mutane.

"Allah ya saka maka, Malam Maiwada. Na wasu sun tafi ba su ƙara ɗanɗana abincin gida ba. Shi ya ci har sau huɗu, ta dalilinka." Ta murza bakin mayafi. "Na ƙarshen nan hannuna ya zarce da gishiri. Bai ce komai ba?"

"Bai ce ba, Iya."

Gishirin ya yi yawa kuwa. Sai da na sha ruwa kofi biyu.

Zulaihatu ta zauna takaba tun zafin bazara har gero ya kai gwiwa. Ba kwalli, ba lalle, ba fita. Aka yi bikin ƙanwarta a Kudan tana ɗaki. Ko kwana ɗaya daga ciki ba ya kanta. Ɗan'azumi bai tona ni ba, bai kuma ƙara gaishe ni ba.

Sanarwa

Abin da na yi alkawari zai samu: suna, da wurin zama, da hatsinka cif yadda ka zuba shi. Abin da ya biyo baya kuma ba ruwan marubuci. In barci ya ƙaurace maka, in ka fara canza hanya don kada ka wuce ta wata ƙofa, in wata tsohuwa ta tare ka a kasuwa tana sa maka albarka ka rasa inda za ka sa idonka, kada ka aiko mini, kada ka ce ni na koya maka. Ban ɗauki alhakin kowa ba. Ba rowa nake yi ba, wuri ne babu: kwana ɗari da 'yan kai na yarinyar nan suna kaina, ga kuma Iya Hassana da ta rasu tana yi mini addu'a.